Tsiron da Azeezat Ta Ɓoye Sunansa

Fagge, Kano
9 ga Mayu, 2023

'Yata Azeezat,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce daga wadda ta goya ki, da fatan takardar nan ta iske ki lafiya kamar yadda ta baro mu. Ƙafata ta dama ta yi sauƙi tun da aka canza min magani, har jiya na taka daga gida zuwa Sabon Gari ban hau Adaidaita ba. Kunnen ne dai yana nan yadda kika san shi, don haka kada ki gaji da rubutu. In kin kira a waya rabin maganarki nake ji, sauran in cike da "to, to". Takarda kuwa, Taofeek ya kai a buga min ita da manyan baƙaƙe, in karanta sau uku, in sa a akwati.

Yayan naki yana gaishe ki. Watan jiya ya cika shekara uku bai koma wa abin nan ba. Yana zama a shagon Ifeanyi a layin 'yan kayan wuta, yana koyon haɗa sola, kuma kafin isha'i yana gida. Ba na yawan faɗa saboda baki, amma ke ta gida ce.

Ranar Juma'a Alhaji Rasheed, shugaban ƙungiyarmu ta jikokin Ogbomosho, ya tsaya a rumfata. Ya ce, "Iya mai zoɓo, an ce 'yarki ta kusa zama dakta." Na ce ba an ce ba ne, ni na faɗa. Ƙanena, Allah ya jiƙansa, ya bar min ke kina shekara shida, da cinikin zoɓo da citta na kai ki har inda jirgi ya ɗauke ki, to wa zai hana ni ɗaga kai? Sai ya ce, "Dakta a kan me?" Na ce ilimin tsirrai. Ya ce, "Wane tsiro?" Shekara huɗu kina can ban san sunan abin da kike nomawa ba. Ki gaya min, kada a sake kama ni haka a gaban mutane.

Sai wata damuwa. Kin san Malam Goni, dattijon nan ɗan Barno da ke noma min zoɓo a Kadawa. Bara ya ce zai gwada shi a noman rani. Ya shuka a watan Disamba, ya ba shi ruwa da taki yadda ya kamata, amma yakuwar ko gwiwa ba ta kai ba ta fara fure. Abin da ya tsinka bai cika buhu biyu ba. Bai zarge ni da baki ba, sai dai ya ce, "Hajiya, irin nan ya gaji." Irin kuwa ni na ba shi, daga wanda na ware da hannuna. Shekara talatin ba a taɓa cewa kayana sun gaji ba. In iliminki ya kai nan, ki faɗa min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba.

Ki ci abinci, ki riƙe salla.

Gwaggonki,
Hajiya Falilat

Saskatoon, Kanada
28 ga Mayu, 2023

Gwaggona,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin labarin ƙafarki, amma ki riƙa hawa Adaidaitar nan, ba gasa ake yi ba. Labarin Yaya Taofeek kuwa sai da na yi sujada. Ni lafiyata ƙalau. Ƙanƙara ta narke, mun fita gona.

Zan fara da Malam Goni, don na san shi ya fi tsaya miki a rai. Irinki bai gaji ba, Gwaggo. Lokaci ne ya saɓa.

Ki lura da kiran sallar magariba a masallacin unguwa. A tsakiyar damina sai wajen bakwai saura ake kira, amma a watan Nuwamba ƙarfe shida an idar. Wato dare yana tsawo yana gajarta, ko da a Kano bambancin bai kai awa ɗaya da rabi ba. Mu ba mu cika damuwa ba. Yakuwa kuwa da shi take aiki. A cikin ganyenta akwai abin da ke auna tsawon duhu. Muddin dare gajere ne, sai ta yi ta tsawo tana rassa. Ranar da duhu ya wuce wani ma'auni, sai ta san kaka ta zo, ta bar girma ta koma fure. Shi ya sa wanda ya shuka da ruwan fari da wanda ya makara duk kusan tare suke ganin fure. Malam Goni ya shuka a Disamba, lokacin da dare ya fi kowane lokaci tsawo, saboda haka tana buɗe ido ta ɗauka kaka ce, ta yi fure tana jaririya. Ki gaya masa haka, ki ce in ji ni.

Batun aikina, tsiro ne mai dogon kara kamar rama. Ana sarrafa ɓawonsa a yi igiya da yadi, a matse 'ya'yansa a fitar da mai. Sunansa na Turanci ba zai amfane ki ba, ki ce wa Alhaji Rasheed ɗan'uwan rama ne. Shi ma dare yake aunawa. Matsalar a nan ita ce yanzu haka sai bayan ƙarfe tara rana ke faɗuwa, nan da wata guda yini zai kusa awa goma sha bakwai. Irin da aka kawo daga ƙasashe masu ɗumi sai ya yi ta jiran dogon dare, ya yi ta jira, kafin ya samu ya yi 'ya'ya sanyi ya sauko ya kashe shi. Amma akwai wani iri ɗan gajere daga can arewacin duniya wanda bai damu da dare ba. Da ya cika kwanakinsa sai ya yi fure, ko rana ta faɗi ko ba ta faɗi ba. Hali ne da ya gada. Ni kuma ina neman inda wannan hali ya ɓuya a cikin ƙwayoyin gadonsa, da yadda yake bin 'ya'ya da jikoki idan an haɗa irin biyu.

Gwaggo, tsiron nan ya kama ni. Da shi nake tashi, da shi nake kwana, ba na jin zan iya rabuwa da shi.

Ki gaida Yaya, ki gaida Celestine maƙwabcin rumfarki.

'Yarki,
Azeezat

Fagge
16 ga Yuli, 2023

Azeezat,

Salam. Muna nan da rai.

Jiya na je suna a Kwaciri. Ina zaune cikin mata ina ba su labarin ɗan'uwan rama, sai Ni'ima matar Alhaji Rasheed ta miƙo min wayarta ta ce, "Iya, wannan ce ramar?" Hotonki ne daga jaridar makarantarku, wani ya turo a zauren ƙungiyarmu na waya. Kina tsaye da farar riga, kina dariya, tsirrai sun fi ki tsawo. Na sa tabarau na duba ganyen. Yatsu bakwai, masu baki kamar zarto.

Na san ganyen nan, Azeezat. Na gan shi a jikin hular ɗana, na kankare shi daga bangon ɗakinsa da wuƙa. Shekara tara ina bin Taofeek daga lungu zuwa ofishin 'yan sanda, daga can zuwa asibitin masu taɓin hankali. Kina gidan nan, kin gani da idonki. Sai ki tsallaka teku ki je ki noma wiwi, ki bar ni ina yawo da sunanki a baki kamar mai tallan goro?

Ba wadda ta yi dariya a wurin. Da sun yi ma da ya fi min sauƙi. Wata ce kawai ta ce, "Allah ya kyauta." Na tashi ban ci tuwon suna ba.

Da na dawo na ɗauko takardarki daga akwati na sake karantawa. Kin ce ya kama ki, da shi kike tashi, da shi kike kwana, ba za ki iya rabuwa da shi ba. Wallahi kalmomin da yayanki ya faɗa min ke nan ranar da na durƙusa a gabansa ina roƙonsa. Ko harafi ɗaya ba ki canza ba.

Tambaya ɗaya zan yi miki, ki amsa kamar kina gaban Ubangijinki. Kina sha?

Celestine na sa ya ɗauki hoton takardar nan ya turo miki, don ba ya karanta Hausa. Taofeek bai san komai ba, kuma ba na so ya sani. Amsarki ki turo ta wayar Celestine.

Falilat

Saskatoon
17 ga Yuli, 2023

Gwaggo,

Wallahi tallahi ban taɓa sha ba, ban taɓa ɗanɗanawa ba, kuma ba zan yi ba. Wannan ita ce amsar tambayarki. Abin da na rubuta, aikin nake nufi, irin yadda kike cewa kasuwa ta shiga jininki. Ban tuna bakin da kika taɓa jin kalmomin a cikinsa ba, kuma ya kamata in tuna.

Amma laifina yana nan, ba zan kauce masa ba. Kin tambaye ni suna, na ba ki rabin gaskiya, na bar ki kika ji sauran a bakin Ni'ima cikin taro. Tsoro ne ya sa. Ki yafe min.

E, tsiron dangin wiwi ne. Sai dai ki tuna rogo. Akwai mai zaƙi da ake dafawa a ci, akwai mai ɗaci da in ba a jiƙa shi ba yana kisa, alhali ganyensu kusan ɗaya, sunansu ɗaya. Haka wannan. Wanda muke nomawa abin da ke bugarwa a cikinsa bai taka kara ya karya ba, ko mutum ya ƙona gona guda ciwon kai kawai zai samu. Gonar tamu a killace take, da izinin gwamnatin ƙasar nan, kuma ana auna shi a tabbatar. Na san a gida haramun ne a doka, kuma ko ƙwaya ɗaya ba zan taɓa shigowa da ita ba.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Da na zo, malamina ya ba ni zaɓi tsakanin alkama da wannan. Na kwana uku ina tunani. Ina shekara goma sha bakwai na tsaya a bayan ƙofa na ga an fita da Yaya Taofeek a ɗaure, shi da ya koya min hawa keke. Tun ranar nake tsoron ganyen nan kamar aljani. Sai na ce gara in san shi ciki da waje, in yanka shi a ƙarƙashin madubi in ga ko mene ne. Na tarar tsiro ne kawai, Gwaggo, yana jiran dare ya yi tsawo kamar yakuwarki. Abin da mutane suka yi da shi, nasu ne.

Saura wata biyar in kare aikina a gaban malamai. Ba zan yi miki ƙarya in ce zan iya watsar da shekara huɗu ba. Amma takardar da ba albarkarki a kanta ban san bangon da zan rataye ta ba.

'Yarki, ko kina fushi,
Azeezat

Saskatoon
10 ga Satumba, 2023

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan ƙafar ba ta tashi ba. Yau kwana hamsin da biyar ban ji daga gare ki ba. Celestine ya ce ya buga miki waccan takardar, kin karɓa kin naɗe a bakin zani. Yanzu ya tafi gida Anambara, saboda haka wannan ta wayarki zan turo, duk wanda ya buɗe ya buɗe.

Mun gama girbi. Jikokin irin da na haɗa, kusan ɗaya cikin huɗu sun yi fure tun rana tana doguwa, kamar yadda na yi hasashe. Malamina ya tafa min. Na dawo ɗaki na rasa wanda zan gaya wa.

Ko zagi ne ki rubuto.

Azeezat

Fagge
22 ga Oktoba, 2023

'Yata, 'yar ƙanena,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Lafiyarmu lau. Ki gyara zama, labarin da tsawo.

Na yi shiru ne don ban san abin da zan ce ba, ba don na daina sonki ba. Rantsuwarki na yarda da ita tun ranar. Zuciyar ce ta ƙi sauka.

Kin ce duk wanda ya buɗe ya buɗe. To, wanda muke ɓoye wa ya riga ki. Tun farkon Agusta Taofeek ya ga hoton nan naki na jarida a wayar wani a kasuwa. Ya dawo da la'asar ina tankaɗe, ya tsuguna ya ce, "Mama, ina takardun Azeezat?" Na ce ba ruwanka. Ya ce, "Da ruwana, ai saboda ni kike ɓoyewa." Na ɗauko na ba shi. Ya karanta duka biyun, ya daɗe a kan zancen keke. Can ya ɗago ya ce, "Shekara tara ina zuƙar abin nan, ban taɓa sanin yana fure ba. Ni na san shi da huhu, ya kusa kashe ni. Ki bar mutum ɗaya a gidan nan ya san shi da kai."

Na ce magana ce mai daɗi, amma wa ya tabbatar min ilimin gaske ne, ba Turawa ne suka samu 'yar mutane suna sa ta noma musu abin shansu ba? Ya ce, "Sai mu gwada ta."

Kin san yakuwar da nake shukawa a tsofaffin bokitai a tsakar gida saboda miya. Bana goma sha biyu ce, iri ɗaya, rana ɗaya na shuka. Ya raba su shida-shida. Ya kafa tabarma da buhuna a tsakani, ya rataya ƙwan sola a kan shida na wajen rijiya, ya haɗa masa wani abu mai kunna shi da kansa in magariba ta yi. Shida na wajen madafa ya bar su a duhunsu, har ƙwan ƙofar banɗaki ya cire, muka koma tocila. Ya ce, "In gaskiya ta faɗa, masu fitila za su ɗauka har yanzu damina ce." Kullum in ya dawo sai ya auna su da igiya kafin ya ci abinci. Rabon da in ga ya damu da wani abu haka tun yana sakandare.

Ranar biyu ga watan nan na fito da safe zan ɗora koko, sai ga fure a wajen madafa, fari-fari mai jan ciki. Kafin mako ya zagayo duk shidan sun ɗauka. Na wajen rijiya kuwa har yau da nake rubutun nan ganye kawai suke, sun kai min kafaɗa, ko ƙullin fure babu. Tsakaninsu taku huɗu ne, Azeezat. Na tsaya da ludayi a hannu ina cewa ikon Allah.

Sai na aika a kira min Alhaji Rasheed da Malam Goni ranar Asabar. Na shimfiɗa musu darduma a tsakanin bokitan, na ce Taofeek ya yi bayani. Ya yi, bai yi tuntuɓe ba. Malam Goni ya tashi ya zagaya, ya murza ganye, ya leƙa bayan tabarma kamar mai neman inda aka ɓoye dabara. Ya dawo ya cire hula ya ce, "Hajiya, na ci haƙƙin irinki. Ki yafe ni."

Alhaji Rasheed ya ce, "To ai wannan zoɓo ne, Iya. Maganar da ake yi a gari ta wancan ganyen ce."

Na ce, "Alhaji, yarinyar da ta zauna a Kanada ta faɗi abin da zai faru a tsakar gidana a Fagge wata huɗu kafin ya faru, wannan ba mai hayaƙi a ka ba ce. Ka tambaye ni wane tsiro, yau ga amsa. Dangin wiwi ne, wanda ba ya bugarwa, da izinin hukumar can. Ba na son ganyen, ba kuma zan so shi ba har in mutu. Amma 'yata malama ce a kansa, kuma ni na raine ta. Ka kai wa Ni'ima haka, kada ka rage."

Ya yi dariya ya ce zai kai. Ko ya kai ko bai kai ba, ni dai na faɗa da bakina a wurin biki biyu tun daga ranar.

Ki je ki kare aikinki. Na sa miki albarka, duniya da lahira. Amma kada ki ƙara ba ni rabin magana, ni ba yarinya ba ce.

Malam Goni yana tambaya: in fitila tana hana fure, ba za ta yi masa maganin noman rani ba?

Gwaggonki,
Falilat

Saskatoon
9 ga Disamba, 2023

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Jiya da ƙarfe biyu na rana malamai biyar suka fitar da ni daga ɗaki, suka yi shawara, suka kira ni suka ce, "Barka, Dakta." Awa uku suna yi min tambayoyi. Wata tsohuwar farfesa ta ce, ta yarda tsawon dare yana aiki a nan inda bambancin yake da yawa, amma a ƙasashe irin namu da yini da dare suke kusan daidai fa? Na roƙi izini na nuna musu hoton bokitanki da Yaya ya turo min. Ta daɗe tana kallo, ta ce wa ya tsara gwajin? Na ce yayana, mai haɗa sola a Sabon Gari. Ta ce in gaya masa ya raba su daidai, ya kuma yi tunanin ƙwan banɗaki, abin da ɗalibanta da yawa suke mantawa.

Takardarki ta Oktoba a aljihuna take lokacin. Ba zan ce komai a kanta ba, kuka zan yi.

Ga amsar Malam Goni. Tunaninsa daidai ne, amma ban taɓa gwadawa a gona ba, don haka kada ya zuba duka. Ya ware fangali biyu ko uku, a ba su haske na 'yan awanni bayan magariba har yakuwar ta yi ƙarfi ta kai ƙugu, sannan a kashe fitilun gaba ɗaya. In an yi sa'a, a lokacin za ta ga dogon dare ta yi fure da jikinta cikakke. Yana iya yiwuwa, yana iya ƙi. Duk yadda ta kasance ina so in sani, don in na dawo gida kan zoɓo da rama nake so in zauna.

'Yarki,
Azeezat

Fagge
7 ga Janairu, 2024

Dakta Azeezat,

Kin ga na rubuta shi. Sai da na gwada a bayan kwali sau biyu don hannuna ya saba. Wa alaikumus salam, muna lafiya, Allah ya sa albarka a abin da aka samu, ya jiƙan mahaifinki da bai ga wannan rana ba.

Ranar da labari ya zo na dafa zoɓo tukunya biyu da citta da kanumfari, na raba wa layinmu kaf. Duk wanda ya ce na mene ne, sai in ce ya zauna in gaya masa. Wasu sun yi nadamar tambaya. Celestine ya ce yanzu in ya ga na ɗauko zancen tsawon dare sai ya tafi bahaya.

Maganar farfesar nan na karanta wa Taofeek da ƙarfi. Ya tashi ya shiga ɗaki. Da ya fito idonsa ja, ya ce hayaƙin murhu ne. Lokacin ko wuta ban hura ba.

Ranar Laraba Malam Goni ya zo har gida. Na ɗauka wajena ya zo, na fara gyara masa wurin zama, sai ya ce, "Hajiya, ba ke nake nema ba yau. Injiniya yana ciki?" Na waiga ina neman wane ne injiniya. Ya ce ya ware fangali uku kamar yadda kika ce, maƙwabtansa biyu ma sun ce a yi da su, kuma ba wanda zai taɓa masa wayar wuta sai wanda ya ga aikinsa da ido. Zai ba shi ɗaki a gidansa har a kashe fitilun, wajen wata biyu ke nan.

Azeezat, shekara goma sha biyu ba wanda ya yi sallama a ƙofar gidan nan yana neman ɗana da alheri. In an buga ƙofa an ambaci sunansa, ƙara aka kawo. Na so in ce a'a. Kadawa da nisa, ba idona a kansa, kuma kin san abin da nake tsoro. Ya dube ni ya gane. Ya ce, "Mama, in ba ki sake ni ba, ba za ki taɓa sanin ko na warke ba." Malam Goni ya ce, "Ki bar min shi, Hajiya. Gidana ana salla."

Jiya da hantsi suka tafi. Ifeanyi ya ba shi aron tsani da akwatin kayan aiki, ya ce ya riƙe har ya dawo. Na raka shi bakin titi da ƙullin garin rogo da ƙuli-ƙuli, yana cewa ya isa, ina ƙara masa. Da motar ta tashi ya leƙo ta taga ya ce in gaya miki kada ki ƙara aiko da saƙon gona ta hannuna, wai ina cika masa gishiri. Shi zai riƙa auna tsirran duk Juma'a ya rubuto miki da kansa.

Don haka ki sa ido, takarda tana zuwa daga Kadawa. Rubutunsa kamar tafiyar kaza yake, amma ki daure ki karanta, ki kuma amsa masa da wuri. Abokin aikinki ne yanzu.

Gwaggonki mai alfahari da ku biyun,
Hajiya Falilat, Iya mai zoɓo